Babi na uku: kundin abin da nake karantawa daga Japan

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya da yamma Malama ta sa hannu a tsarin babi na uku, don haka daga yau karatu ya kankama. Ga wanda bai biyo aikin nan tun farko ba, kundin digirina na biyu yana kwatanta adabin da mata ke rubuta wa 'yan'uwansu mata a wurare biyu: littattafan soyayya na Kano, da manga na 'yan mata a Japan, wato labaran da ake bayarwa cikin zane, waɗanda can suke kira shojo. Babi na ɗaya da na biyu sun tafi lami lafiya. Na ukun ne mai ƙaya, domin yana magana ne a kan reshen da ke ba da labarin soyayya tsakanin namiji da namiji, wanda shagunan littattafai na Japan ke jerawa a ƙarƙashin haruffa biyu, BL, wato Boys' Love.

Ba ya tsallakuwa. Matan da suka sauya fasalin shojo bayan 1970 su ne dai suka fara wannan reshe, kuma a mujallun 'yan mata suka buga shi. Hukuncin addininmu a kan al'amarin ba ɓoyayye ba ne, ba kuma shi na zo tattaunawa ba. Tambayata ta adabi ce: me ya sa mata suka shafe shekara hamsin suna rubuta wa junansu labarin soyayyar da babu mace a tsakiyarsa?

Malama ta ce da ni, "Kin dai san kwamitin nan. Ki tsaya a kan abin da ke rubuce. Kada ki zama lauyar kowa, kada kuma ki zama alƙaliya." Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Fassarar Ingilishi nake karantawa. Littafin daga dama ake buɗe shi, haka ma akwatunan zanen, abin da ba ya ba wanda ya yi makarantar allo wahala ko kaɗan.

Lahadi, 19 ga Janairu

Makon nan na tarihi ne. Kafin ƙarshen shekarun 1960, maza ne ke zana akasarin manga na 'yan mata, har da shahararren mai zane Tezuka Osamu. Sai ga wani ayarin matasan mata da aka haifa wajajen 1949, shekara ta 24 ta zamanin Sarki Showa, shi ya sa ake ce musu 'yan shekara ta 24. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙin babina: Hagio Moto da Takemiya Keiko. A farkon shekarun 1970 sun kama hayar gida ɗaya a unguwar Oizumi da ke yankin Nerima na Tokyo, gidan ya zama majalisar mata masu zane. Wata ƙawarsu, Masuyama Norie, ita ce ta riƙa tura musu littattafan marubucin Jamusanci Hermann Hesse da finafinan Turai masu labarin makarantun kwana na maza. A ƙarshen 1970 Takemiya ta buga gajeren labarin da yanzu aka sani da Sunroom nite, wanda masana ke ɗauka a matsayin na farko a wannan fanni.

Abin da na ja wa layi a littafina: duk labaran farkon nan a Turai aka dasa su. Jamus, Faransa, makarantun kwana, coci, dusar ƙanƙara. Babu Bajapane ko ɗaya. Marubutan sun nisanta labarin sau biyu daga mai karatu, ba ƙasarta ba, ba kuma jinsinta ba. Hagio ta taɓa bayyana cewa ta gwada tsara wani labarinta na 1971 a makarantar 'yan mata, ta ga bai zauna ba, da ta mayar da su maza sai ta ji hannunta ya sake. Ina jin nan ne bakin zaren. Yarinyar da ke cikin labari a wancan lokacin tana da iyaka: ta yi haƙuri, ta yi kunya, ta jira. Yaron da aka zana da dogon gashi da manyan idanu kuwa yana iya fushi, ya yi tafiya, ya yi jayayya da malaminsa, babu editan da zai ce bai dace ba.

Zaman Oizumi bai ƙare da daɗi ba. Kowacce ta rubuta nata ɓangaren daga baya, Takemiya a 2016, Hagio a 2021. Wannan ba hurumin babina ba ne, amma na sha karatun gulmar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na gama Toma no Shinzo, Zuciyar Thomas, na Hagio, wanda ya fito mako-mako a 1974. Fassarar Rachel Thorn ce a hannuna, ta haura shafi 500, nauyinta kamar ƙamus.

Labarin da mutuwa ya buɗe. Thomas, ɗalibi a wata makarantar kwana a Jamus, ya faɗo daga gadar da ta ƙetare layin dogo. Makaranta ta ɗauka hatsari ne, sai ga wasiƙarsa ta iso hannun wani ɗalibi mai suna Juli, wanda ya ƙi kula shi tun yana raye. Ba a jima ba aka kawo sabon ɗalibi, Erich, mai kama da mamacin kamar an tsaga kara. Daga nan duk littafin tambaya ɗaya yake bi: me ya sa Juli, shugaban ɗalibai, mai tsabta da bin doka, ya rufe zuciyarsa haka?

Amsar ba inda na zata take ba. Wani babban ɗalibi, Siegfried, ya taɓa azabtar da shi, ya tilasta masa furta kalmar da ta fitar da shi daga imaninsa. Tun ranar Juli ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ɓatacce ne, bai cancanci a so shi ba, bai cancanci gafara ba. Ashe littafin ba na soyayya ba ne yadda muka saba, na ɗebe tsammani daga rahama ne, da yadda mutum ke dawowa. A ƙarshe Juli makarantar horar da limaman coci ya tafi. Marubuciyar ta aro Kiristancin Turai kamar yadda ta aro gine-ginensu, amma ciwon da take taɓawa duk mai imani ya san shi. Inda Juli ke cewa an cire masa fukafukai, ajiye littafin na yi na fita tsakar gida.

Ga masu son sanin sana'ar: ku dubi yadda take fasa akwatin zane. Fuska ɗaya takan ratsa akwatuna uku, ganye da fukafukai suna zubowa ta gefe, maganar zuci kuma ba a cikin kumfar magana take ba, tana yawo ne a farin takarda. Manga na maza a lokacin gudu yake, naushi bayan naushi. Ita kuwa ta koya wa shafi tsayawa cik ya yi tunani.

Inda na ƙi ta: ta ƙawata mutuwar Thomas har ta zama kamar sadaukarwa mai tsarki. Yaro ne ya hallaka kansa ya bar wa wani yaro nauyin. Littafin bai taɓa tsayawa ya kira wannan zalunci ba, kuma 'yan mata ƙanana ne masu karanta mujallar.

Da farko ma masu karatu ba su so shi ba. Mujallun Japan da kuri'ar masu karatu suke aiki, duk labarin da ya zo ƙasa a jeri sai a datse shi, kuma editoci sun nemi ta taƙaita. Abin da ya cece shi shi ne wani aikinta, Poe no Ichizoku, wanda aka tattara a littafi, kwafi 30,000 na bugun farko suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Kasuwa ta yi magana, editoci suka yi shiru.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kaze to Ki no Uta na Takemiya, Waƙar Iska da Itatuwa, ya gudana daga 1976 zuwa 1984, juzu'i 17. Babu fassarar Ingilishi ta hukuma, akwai ta Sifaniyanci da Italiyanci, saboda haka da rubuce-rubucen masana nake aiki. Faransa ce a ƙarshen ƙarni na 19, makarantar kwana kusa da garin Arles, da ɗalibai biyu, Serge da Gilbert. Ta yi shekaru tana yawo da shi editoci na ƙi, don ta ce ba za ta sauya shafukan farko ba. Sai da ta yi wani labarin na Misira ta dā ya karɓu, sannan aka ba ta fili. Ta ci kyautar manga ta Shogakukan da shi, daga baya har ta shugabanci Jami'ar Kyoto Seika.

Tarihi ba zai manta da shi ba, amma ni ban da niyyar yabonsa. Labarin yaro ne da babba ya lalata tun yana ƙarami, kuma an zana wahalarsa da kyau irin na furanni. Masu kare shi suna cewa ya bai wa 'yan matan da aka ci wa zarafi damar ganin ciwonsu a jikin wani, tun lokacin da babu mai maganar. Zan kawo hujjarsu a babin, zan kuma kawo tawa. Gilbert ma mutuwa ya yi, a Paris, bayan ya kamu da shaye-shaye.

Daga nan abin ya bar hannun manyan mujallu. A Disamban 1975 aka yi taron Comiket na farko a Tokyo, inda masu zane ke sayar da abin da suka buga da kuɗinsu: ƙungiyoyi 32, mahalarta kusan 700, yawancinsu 'yan mata. A ƙarshen 2019 taron ya tara mutum 750,000 cikin kwana huɗu. A 1978 mujallar June ta fito don wannan fanni kaɗai. A tsakiyar shekarun 1980 kuma 'yan mata suka dinga ɗaukar 'yan wasan Captain Tsubasa, labarin ƙwallon ƙafa wanda Larabawa suka sani da Kaftin Majid, suna ƙirƙira musu nasu labarin. Wannan fage na gane shi sarai, don haka namu marubutan suke yi yanzu: shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, babu edita, masu karatu na biya kai tsaye suna kuma faɗin yadda suke so labari ya tafi.

Na kuma karanta wasu daga cikin na kasuwa na shekarun 1990 zuwa 2000, ba zan ɓata tawada wajen jero sunayensu ba. Tsari ɗaya ne: dogo, mai kuɗi, mai girman kai, da ƙarami mai saurin kuka. Na farkon ya tilasta, na biyun ya ƙi, kafin juzu'i ya ƙare an ce wai so ne ya yi yawa. Wanda ya karanta littattafanmu na auren dole ya san wannan attajirin, shi ne mai wulaƙanta amarya shafi ɗari sannan ya kwanta ciwo ta yi jinyarsa. An cire mace daga labarin, amma an bar kujerarta, an zaunar da wani a kai. Wannan jimlar tana nan a daftarin babi, ina fata Malama ba za ta soke ta ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Banana Fish na Yoshida Akimi, 1985 zuwa 1994, juzu'i 19. Masana na jayayya ko ya shiga fannin ko bai shiga ba, don marubuciyar ba ta taɓa sa wa abin da ke tsakanin Ash da Eiji suna ba. A mujallar 'yan mata ya fito, amma bindiga ce da 'yan daba da wata ƙwaya mai juya hankali da ta samo asali tun yaƙin Vietnam, shi ya sa maza da yawa suka karanta shi. Ash shugaban 'yan daba ne a New York, wanda wani uban daba ya yi rainonsa ta mummunar hanya. Eiji ɗan Japan ne da ya zo a matsayin yaron mai ɗaukar hoto, tsohon ɗan wasan tsalle da sanda.

Wuri ɗaya ya ishe ni hujja a kan gwanintarta. An ritsa su a lungu, katanga a gaba. Eiji ya ɓalle wani tsohon bututun ƙarfe mai tsatsa, ya ja da baya, ya sheƙo, ya haye. An zana fuskar Ash yana kallonsa a sama. Mutumin da ya fi kowa iya harbi ya ga abin da shi ba zai taɓa iyawa ba. Sauran juzu'an duk a kan wannan kallon suka tsaya.

Tsakiyar labarin ta yi tsawo: a sace wannan, a kuɓutar da shi, a sake sace wancan. Yadda ta zana baƙaƙen fata a juzu'an farko ma ya sosa mini rai. Ƙarshen kuwa, Ash da sukan wuƙa a ciki, zaune a babban laburaren New York da wasiƙar Eiji a hannu, na san ya sa dubbai kuka, amma ni lissafi na yi. Thomas, Gilbert, Ash. Kamar akwai wata doka da ba a rubuta ba: a bar yarinya ta yi yawo cikin rigar namiji, amma kafin a rufe littafi sai an binne rigar.

Azumi ya ƙarato. Na tattara littattafan na sa a kwali sai bayan Sallah.

Litinin, 7 ga Afrilu

Barkanmu da shan ruwa. Na dawo da muhawarar 1992, lokacin da Sato Masaki, wani mai neman jinsinsa, ya yi rubutu a wata ƙaramar mujallar 'yan rajin mata mai suna Choisir yana sukar fannin da kakkausar murya. Ƙorafinsa shi ne matan nan sun mayar da irinsu abin wasa, kyawawan samari marasa tsufa, marasa matsalar haya ko iyaye. Mata suka mayar da martani, aka yi shekaru ana fafatawa. Wasunsu suka ce ai dama ba su suke zanawa ba. Ga babina wannan amsar zinariya ce, don daga bakin masu abin ta fito.

Na leƙa Ototo no Otto, Mijin Ƙanena, na Tagame Gengoroh, 2014 zuwa 2017, juzu'i 4, don in ga bambanci idan namiji daga cikinsu ne ya riƙe alƙalami. Wani Bajapane mai 'ya ɗaya ne ya karɓi baƙuncin ɗan Kanada da ya auri ɗan'uwansa tagwaye da ya rasu. Zanen tsaf, amma darasi ne aka sa wa riga, kamar wasan kwaikwayon wayar da kai a rediyo. Ba don 'yan mata aka yi shi ba, ƙasan shafi zai shiga.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Kino Nani Tabeta?, Me Ka Ci Jiya?, na Yoshinaga Fumi. Ta fara ne da buga nata a Comiket, tana ari daga manga na ƙwallon kwando Slam Dunk, amma wannan tun 2007 yake fita a Morning, mujallar da magidanta ke karantawa a jirgin ƙasa. Shiro lauya ne, Kenji mai gyaran gashi, dukansu sun haura arba'in a farkon labari, kuma suna tsufa tare da masu karatu.

Babu abin da ke faruwa, kuma na kasa ajiyewa. Shiro ya ƙayyade kuɗin cefane yen 25,000 a wata, yana tashi daga ofis da wuri don ya riski rangwame, ya san inda madara ta fi araha. Kowane babi rabinsa girki ne dalla-dalla, me za a fara ɗorawa, me za a yanka kafin ruwa ya tafasa, yadda ragowar kabeji na yau zai zama miyar gobe. Akwai inda ya tsaya gaban kankana mai araha yana jinjina girmanta, wata matar aure ma tana tsaye tana wannan lissafin, suka saya suka raba, aka zama abokan cefane. A tsakanin tukwanen ne sauran ke shigowa: rashin lafiyar mahaifi, uwar da ke ƙoƙarin fahimta tana kasawa, maganar wasiyya da gado tunda dokar ƙasar Japan ba ta san irin zamansu ba.

Ga abin da na gani. Macen da ta gudu daga kicin a 1974 ta shiga makarantar kwana a Jamus, a 2007 ta dawo kicin ɗin, sai dai ta miƙa wa namiji ludayi. Wa zai dafa, wa zai wanke, wa ke riƙe kuɗi, duk sai an zauna an sasanta, don babu wanda aka haifa da aikin. Ina zargin abin da matan da ke sayen littafin ke kallo ke nan, fiye da komai. Kuma babu wanda ya mutu.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sashen tacewa ya kammala. A 2008 laburaren birnin Sakai da ke yankin Osaka ya janye littattafan BL kusan 5,500 daga kanta bayan ƙorafi, aka yi ca, aka mayar da su. Shekara guda kafin nan, a 2007, an ƙona littattafan soyayya a Kano a bainar jama'a. Abin da ke cikin littattafan ya sha bamban, dokokin ƙasashen ma haka, kuma na faɗi wannan ƙarara a babin. Abin da ya haɗa su shi ne fargabar: me yarinyar nan take karantawa a ɗaki ita kaɗai?

Na rufe jerin da Metamorphose no Engawa na Tsurutani Kaori, 2017 zuwa 2020, juzu'i 5. Wata tsohuwa mai shekara 75, mijinta ya rasu, tana koyar da rubutun hannu, ta shiga shagon littattafai don gudun zafi ta sayi manga saboda bangonsa ya yi mata kyau, ba ta san ko na mene ne ba. Yarinyar shagon mai shekara 17, wadda ke ɓoye nata a kwali, ita ta zama mai kawo mata na gaba. Samarin da ke cikin littafin da suke karantawa da ƙyar muke ganinsu. Abin da muke gani tsohuwa ce tana lissafin cewa juzu'i ɗaya na ɗaukar shekara da rabi kafin ya fito, tana auna ko za ta ga ƙarshen labarin. Da wannan zan buɗe babin, ba da 1970 ba.

Daftari ya je wurin Malama ranar Alhamis, ya dawo jiya da jan biro. Jimlar kujera ta tsira. Sashen Kaze to Ki no Uta ta ce in rage zafi in ƙara hujja, kuma kwatancen Sakai da Kano ta sa masa alamar tambaya biyu, ta rubuta a gefe: "Zo mu yi magana." Talata da ƙarfe goma zan same ta a ofis. Kafin nan akwai Dokyusei na Nakamura Asumiko da Given na Kizu Natsuki da ta ce lallai in ƙara, don kada babin ya tsallake masu karatu 'yan makaranta na yanzu.